Kafin Ka Ce a Zuba 140: Man Giya da Na Aksul a Motar Ɗaukar Kaya

Idan ka tsaya a shagon masu baƙin mai, a Ƙofar Ruwa ne ko Panteka ko bakin kowace tasha, ka ce a ba ka man giya, tambaya ɗaya za a yi maka: "90 ko 140?" Ka zaɓa, a miƙo galan, yaron gareji ya ɗura wa giyabos, abin da ya saura ya juye wa aksul, magana ta ƙare. A motocin da, hakan bai cika jawo ɓarna ba. Amma a Hilux ta yanzu, ko Tundra, ko manyan a-kori-kurar Amurka irin su Ford F-250 da Ram 2500 da ke shigowa ta Kwatano da Legas, hanya ce ta kashe giya a hankali, mai mota bai ma san ta inda cutar ta shigo ba.

Motar da ke ja da ƙafar baya kaɗai tana da wuri biyu da ke shan mai ban da inji: giyabos da aksul ɗin baya. Mai ja da ƙafa huɗu tana da huɗu, domin akwai akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya, wanda makanikai ke ce wa agzilari, sannan ga aksul ɗin gaba. Kowanne da aikinsa, sau da yawa kuma kowanne da mansa. Hilux atamatik ta 2016 zuwa yau mai iri uku take sha a ƙarƙashinta: WS a giya, wani siririn mai da Toyota ke kira LF 75W a agzilari, sai 75W-85 mai alamar GL-5 a aksul biyu. Babu galan ɗaya a duniya da zai wadatar da su duka.

Mu fara da aksul, don shi ya fi sauƙin magana. Cikin tukunyar nan da ke tsakiyarsa akwai manyan haƙora biyu, kirawun da finiyon. Finiyon ke karɓar juyi daga farfela ya miƙa wa kirawun, shi kuma ya juya tayoyi. In ka leƙa ƙarƙashin mota za ka ga farfela ba a tsakiyar tukunya ta shiga ba, ta ɗan yi ƙasa. Da gangan ne. Tun shekarun 1920, lokacin da kamfanin Packard na Amurka ya fara sa irin wannan yankan haƙori a motocinsa, ake yin haka don a sauke farfela, a ƙara ƙarfi, a rage ƙugi. Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Haƙoran ba birgima kawai suke yi a kan juna ba, gogar juna suke, suna zamewa ƙarƙashin nauyi mai tsanani. A daidai inda suka haɗu matsin yakan kori man gaba ɗaya, ya rage saura ƙarfe da ƙarfe. Abin da ke hana su narkewa su manne shi ne sinadaran farar wuta da fosfaras da ake gauraya man da su. Da zafi ya tashi sai su yi wa fuskar haƙori wata 'yar fata siririya, ita ke cinyewa a madadin ƙarfen. Warin nan na man giya mai hawa kai, warin farar wutar ne.

Yawan wannan sinadari shi ake nufi da haruffan GL da ke jikin galan. Cibiyar man fetur ta Amurka, API, ita ta tsara su. GL-5 shi ne mai cikakken sinadari, GL-4 kuwa kusan rabinsa yake ɗauke da shi. Aksul ɗin motar kaya GL-5 yake so, wannan babu ja-in-ja a kai. Galan da bai rubuta GL-5 ba, komai kaurinsa da kyan launinsa, ba na aksul ba ne. In ka ga an ƙara SAE J2360 a jiki, to man ya ci jarrabawar da ta fi ta GL-5 tsanani, ya cancanci ɗan ƙarin kuɗin da za a nema.

Lambobin kuwa, 90 da 140 da 75W-90, maganar kauri suke yi, ba maganar inganci ba. Ma'auninsu ma daban yake da na baƙin man inji: man giya mai lamba 90, in ya yi zafi, kaurinsa bai wuce na baƙin mai mai lamba 40 ko 50 ba. Lambar farko mai W tana faɗin yadda man ke gudana cikin tsananin sanyi. Ana gwada 75W a digiri 40 ƙasa da sifili, 80W a 26, 85W a 12, sanyin da ko mutanen Jos ba su taɓa ganin irinsa ba. Don haka a wajenmu lambar ƙarshe ce abin dubawa. Amfanin 75W a gare mu ɗaya ne: mafi yawan mai masu wannan lamba sintetik ne, shi kuwa sintetik ya fi jure zafi, ya fi daɗewa bai ƙone ba.

To, 90 ko 140? Littafin tsofaffin Hilux ya ce GL-5 mai lamba 90 a ƙasar zafi. Na sababbin ya sauko zuwa 75W-85, don rage shan mai. Manyan Chevrolet Silverado da GMC Sierra masu lamba 2500 da 3500 sun daɗe a kan 75W-90 sintetik, Ford kuma ya yi shekaru yana zuba 75W-140 sintetik a aksul ɗin bayan F-250 da F-350. Abin da littafin motarka ya ce shi ne tushe. Amma littafi ya ɗauka za ka tsaya a nauyin da aka ƙayyade. Hilux an yi ta don kaya kimanin tan 1, wato buhun masara 10 na kilo 100, har da direba da yaran mota cikin lissafin. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Dawanau lokacin lodi ya san ba nan ake tsayawa ba. Ƙara wa wannan zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda iska kanta ke haura digiri 40, ko yashin hanyar Agadas zuwa Dirku, ko Hawan Kibo da kaya har saman kai. A irin wannan aiki ban ga laifin hawa mataki ɗaya a aksul ɗin baya ba: mai 75W-85 ya koma 75W-90 ko 80W-90, mai 90 da kullum yake cikin lodi ya koma 75W-140, in babu shi 85W-140. Motar da ke ƙarƙashin garantin kamfani kuwa a bar ta a kan littafi.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce 140 ya fi kyau a kowace mota don kawai ya fi kauri. Tuƙa tuwo ya fi dama koko cin ƙarfi. Kirawun da ke juyi cikin mai mai kauri, a gudun kilomita 120 tsakanin Kaduna da Abuja, shi da kansa yake dafa man, injin kuma ya biya da dizal. Motar ofis da ba ta ɗaukar komai sai oga da jakarsa ba ta da abin yi da 140. Akwai kuma wani amfani da ake yi da shi wanda ya kamata mai sayen mota ya sani: mai kauri yana danne ƙugin aksul da ya fara mutuwa. In za ka sayi ta hannu, ka ga man aksul sabo fil kuma kamar zuma, alhali sauran motar ba ta ga sabis ba, to ka tambayi dalili. Ƙugin yana nan, an toshe masa baki ne.

Wasu aksul ɗin baya suna da faifan kuloci a ciki, waɗanda ke hana taya ɗaya ta yi ta wulwulawa a laka ɗayar na tsaye. Shi ake rubutawa LSD. Irin wannan yana buƙatar mai mai alamar LS, ko a ƙara masa ɗan sinadarin santsi na musamman, kamar XL-3 na Ford. In aka zuba masa GL-5 zalla, za ka ji baya na karkarwa yana ƙas-ƙas duk lokacin da ka sha kwana a hankali, makaniki ya fara zargin boris ko taya, a yi ta sauya abin da lafiyarsa lau. Toyota kan manna takarda a jikin tukunya mai cewa man LSD kaɗai, amma ƙura da wanki sukan cinye ta. Gwajin ba wuya: a sa waigi a tayoyin gaba, a ɗaga bayan duka biyu, giya a firi, birkin hannu a sake, ka juya taya ɗaya da hannu. In ɗayar ta bi ta gefe guda, akwai kuloci a ciki. In ta juya saɓani, galibi babu. Mai maɓallin kulle aksul a gaban direba ba ya buƙatar wannan ƙari, haka ma makullin da GM, mai Chevrolet da GMC, ke yi wa alamar G80. Zuba man LS a aksul ɗin da ba shi da kuloci ba ya cutar da shi. Akasin haka ne ke da illa.

Giyabos na hannu nan ne aka fi yin kuskure, domin hankali yakan ce tunda 5 ta fi 4, GL-5 ya fi GL-4. A aksul haka ne. A giyabos ba haka ba ne. Tsakanin kowace giya da 'yar'uwarta akwai zobe, galibi na tagulla, da ake kira sinkiro. Aikinsa ya kama giyar da za ka shiga, ya daidaita gudunta da na shaf kafin haƙora su haɗu. Wato ɗan ƙaramin birki ne, birki kuwa da kamu yake aiki. Sinadarin da ke ceton kirawun da finiyon shi ne ke rage wa zoben nan kamu, kuma fatar da yake yi wa tagulla takan ɓare da ɗan naman tagullar a duk canjin giya. GL-5 irin na da, musamman in ya yi zafi sosai, har cin tagullar yake yi. Alamar farko ita ce giya ta biyu ta fara gardama da safe, sai "ƙarrr" wajen shiga ta uku. In aka juye man a faranti aka kai rana, za a ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin zinariya. Zobban ne ke fita a hankali.

Don haka giyabos na Hilux da Land Cruiser 79 GL-4 za ka nema, 75W-90 a tsofaffin, sababbin Hilux masu giya 6 kuma siririn LV 75W na Toyota. Gaskiya ne wasu tsofaffin littattafan Toyota sun yarda da GL-4 ko GL-5, kuma akwai mai na zamani da aka rubuta wa alamun biyu, an haɗa shi yadda ba zai ci tagulla ba. In babu GL-4 zalla a garinku, wannan ya fi. Amma 140 a giyabos mai sinkiro, wannan kam ban san motar da ta nema ba. Yana sa giya tauri, ba ya kuma saurin isa cikin ƙananan boris da ke can tsakiyar shaf.

Masu motocin Amurka su ƙara buɗe ido, don nasu ya fi rikitarwa. Giyabos mai giya 5 da ake kira NV4500, wanda ke cikin Dodge Ram masu injin Cummins da wasu Chevrolet na shekarun 1990 zuwa farkon 2000, zobbansa ba tagulla zalla ba ne, an yi musu shimfiɗar kabon, kuma wani GL-4 sintetik na musamman mai lamba 75W-85 aka yi su da shi. Ford F-250 da F-350 masu giyar hannu 6 ta kamfanin ZF, daga 1999 zuwa 2010, man atamatik suke sha. Haka G56 da ke cikin Ram daga 2005 zuwa 2018, da ATF+4 ya fito daga kamfani. Saboda haka in yaro ya kwance noti ya ga jan mai na zuba daga giyar hannu, kada ya yi ihu cewa wani ya yi shirme. Shirmen shi ne a "gyara" da 90.

Giyar atamatik kuwa, man ba shafa kaɗai yake yi ba. Shi ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya ta cikin kwanbata, shi ke matse faifan da makanikai ke kira faiba, shi ke bi ta ƙananan hanyoyin da ke zaɓar giya, shi kuma ke kwashe zafi. Kowane kamfani ya auna faifansa da kwamfutarsa a kan mai ɗaya, da kaurinsa da santsinsa. Jan launin rini ne kawai aka zuba don a bambanta shi da baƙin mai, bai ce komai game da abin da ke ciki ba. Tsofaffin Hilux masu giya 4 Dexron suke sha, na baya-bayansu T-IV. Masu giya 5 da 6, da Tundra ta 2007 zuwa 2021, WS ne, wanda ya fi T-IV siranta, kuma Toyota ta hana a musanya su. Ford: Mercon LV a giya 6 ta F-250 daga 2011, Mercon ULV a giya 10 da ta zo a 2020, ba a sa ɗaya a madadin ɗaya. Ram mai giyar 68RFE ATF+4 ne, amma mai giyar Aisin nata daban. Chevrolet da GMC masu giyar Allison, daga 2006 zuwa 2019 Dexron VI aka rubuta musu, kamfanin Allison kuma yana da nasa ma'auni mai suna TES 295.

Wanda ya cika kasuwa shi ne mai rubutun Dexron III, shi ya fi araha, shi yaro zai ɗauko in aka ce "ATF". GM, mai sunan, ya daina ba da lasisin Dexron III tun ƙarshen 2006, don haka duk galan da ya rubuta haka yau shaidar mai yin sa ce kawai. Ba cewa na yi duk banza ne ba: na kamfanin kirki yana yi wa tsohuwar giya mai 4 aiki, yana yi wa sitiyari. Amma a giyar WS ko LV zai fara da ɗan fizga wajen canji, sai karkarwa a gudun 60 zuwa 80, kafin shekara ta zagayo a fara maganar sauke giya. Akwai kuma mai da aka rubuta wa jerin motoci ashirin a baya. In na babban kamfani ne kuma sunan naka na cikin jerin ƙarara, ana iya lallaɓawa da shi. Sai dai ka san akwai bambanci tsakanin man da kamfanin mota ya ba lasisi da wanda mai yin sa ne ya ce ya dace. Dexron VI na lasisi, alal misali, yana da lamba mai farawa da J a jikin galan. Giyar da kuɗinta ya kai na ƙaramar mota, ni dai na lasisi zan ba ta.

Sababbin atamatik da yawa ba su da sandar geji, har wasu suka ɗauka ba a taɓa canza musu mai. Ita Toyota a jadawalinta na Amurka ta ce motar da ke jan tirela a canza mata WS a mil 60,000, kusan kilomita 96,000, wannan kuma a ƙasar da titi ke da kyau. A zafinmu da lodinmu, kilomita 60,000 ya fi kwanciyar hankali. Mai yakan tsufa ninki biyu da duk ƙarin digiri 10 na zafi, abin da masana mai suka daɗe suna lissafi da shi ke nan. Awon irin wannan giya ta wani noti ne a ƙasan faranti, inji na aiki, mota a daidai, man kuma yana da ɗumin da littafi ya ƙayyade, kusan digiri 40 zuwa 50 gwargwadon irin giyar. Kai ta inda ke da kwamfutar gwaji da za ta nuna zafin man. Kuma ka sani juye ɗaya lita 3 zuwa 4 yake fitarwa cikin 10 da wani abu, sauran na maƙale a kwanbata. In man ya yi duhu, a juye, a yi tafiyar mako ɗaya ko biyu, a sake juyewa. Giyar da ta shekara goma ba a taɓa ta ba, kada a wanke ta da injin matsi, a bi ta da juye a hankali. Wadda kuwa man ke warin ƙuna kuma ta riga ta fara sulɓi, sabon mai ba zai dawo da faiban da ya cinye ba. Ajiye kuɗin man, ka haɗa na gyara.

Agzilari ba shi da doguwar magana. Tsofaffin Toyota 75W-90, sababbin LF 75W, na Amurka yawanci man atamatik ko wani na musamman. Ɗan kaɗan yake sha, lita 1 zuwa 2, shi ya sa ɗan yoyo ke saurin busar da shi.

Akwai wani ɗan abu a saman aksul da bai kai babban yatsa ba, wanda ya kashe aksul fiye da zaɓen mai mara kyau. Kafar numfashi ce, mai 'yar hula. Aksul in ya yi zafi iskar ciki na kumbura, ta nan take fita. A rani ƙura da laka sukan toshe ta, iska ta rasa hanya, ta tura mai ta sil ɗin gefen taya, ya jiƙa birki. Makaniki ya sa sabon sil, bayan wata ɗaya yoyo ya dawo, a ce sil ɗin jabu ne, alhali hular nan ce ba wanda ya taɓa. A damina kuma sai ta juya. Ka taho da gudu aksul ya yi zafi, ka faɗa mashigin ruwa, ƙarfe ya huce nan take, iskar ciki ta tsuke, ta zuƙo ruwa ta kafar ko ta sil. Man ya koma fari-fari kamar shayi da madara, ruwa kuma ya fara cin boris da haƙori, ko da man jiya aka saye shi da tsada. Duk ranar da ruwa ya kai tsakiyar taya, a buɗe notin cikawa a duba kafin kwana biyu. In ya yi fari a juye, babu jiran kilomita. Mai shiga fadama kullum ya sa a ɗaura wa kafar tiyo a ja shi sama, can ƙarƙashin bodi, da 'yar filtar mai a bakinsa. Aikin rabin awa ne. Duk sabis kuma ka sa hannu ka juya hular, in ba ta motsi a cire a wanke. A atamatik ruwa na da wata ƙofar: bututun sanyaya man ta cikin lagireto yake bi, in ya fashe ruwa da mai su gauraye. Ka ga man giya ya zama hoda-hoda mai kumfa, kashe mota a inda take, a jawo ta.

Ranar juye, ka tsaya a wurin. A yi shi mota na da ɗumi, tana tsaye a daidai, ba gefe ɗaya a kan jak ba. Notin cikawa ake fara kwancewa, kafin na juyewa, domin in aka zubar da mai sannan na sama ya ƙi, mota ta kwana a gareji. Notin ƙasa na da mayen ƙarfe, ka karɓa ka duba da idonka. Baƙin gari mai laushi kamar kwalli ba komai ba ne, cin yau da kullum ne. Ɓarɓashin da yatsa ke ji, ko guntun ƙarfe, saƙo ne daga boris ko haƙori, a bincika kafin a rufe. A sa sabon washa. A zuba har man ya fara dawowa ta bakin ramin cikawa, a bari ya tsaya, a ɗaure. Aksul ɗin baya yakan sha lita 2 zuwa 4 gwargwadon girmansa, ka sayi abin da zai isa tun farko don kada a cike da wani iri. A manyan Ford da Ram da Chevrolet, boris ɗin tayar baya daga man aksul yake sha. In an buɗe wajen tayar an sa sabon boris ko sil, a shafa masa mai kafin a rufe, bayan an cika a karkata motar kowane gefe na 'yan mintuna man ya gangara, sannan a sake duba awo. Land Cruiser kuwa da giris ake cika nata.

Aksul da giyar hannu, a canza musu mai duk kilomita 40,000 ga mai aiki matsakaici, 20,000 zuwa 30,000 ga mai lodi kullum ko mai yawon daji. Sintetik na iya wuce haka in ruwa bai shiga ba.

Saura inda za ka saya. Man awo da ake ɗibowa daga duro a kwalbar ruwa, babu mai iya rantse maka GL nawa ne, wani ma tsohon baƙin mai ne aka tace. Araha ba ta ado. Nemi dila ko gidan mai na kamfani, galan a rufe, hatimi bai taɓu ba, da lambar rukuni da ranar haɗawa a jiki. Man aksul na gaske ko a rufe ido ana gane shi da wari. Jan mai mai warin kananzir ko dizal a mayar wa mai shi. A buɗe galan a gabanka, in ya ƙare ka huda shi kafin ka bar wurin, don galan ɗin kirki da babu komai a ciki shi ne jarin masu jabu.

In motar ta hannu ce kuma babu littafi, kada a yi canke. Farantin da ke jikin ƙofar direba ko cikin bonet na ɗauke da lambar giya da ta aksul, da ita da lambar shasi ana samo littafin a intanet, Toyota da Ford da Ram duk sun sa na motocinsu na Amurka kyauta. Motar da ta sauka daga jirgi ko ta fito daga gwanjon ma'aikata, a juye mata duka wuraren a makon farko, tunda ba ka san me aka zuba ba, ba ka san yaushe ba. Sai ka rubuta kwanan wata da kilomita da sunan kowane mai a ɗan kati, ka haɗa da takardun mota, domin makanikin da zai buɗe ta nan gaba ba lallai ne wanda ya yi yau ba.